Gayya ba shan fura ba ce kawai

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan gayya, don yaran yanzu sun ɗauka gangar noma ce kawai da shan fura. Ni a gidan gandu na tashi a ƙasar Daura, na san abin da ya sa iyayenmu suka riƙe ta.

Damina a wajenmu wata uku ce zuwa huɗu, ruwan shuka in ya sauka kowa ranar yake fita, ciyawa ma tare take tasowa a duk gonakin gari, in ka yi sake sati biyu ba ka yi noman farko ba to wallahi geron bana sai dai ka gani a rumbun wani. Mutum ɗaya da hauya ina zai kai? Dole ka kira mutane, yau gonarka gobe ta maƙwabci, har ta tsoho da ta mai jinya, kuma wanda ya ƙi zuwa ta wani ranar tasa zai ga ba kowa. Ba takarda ba sa hannu, amma kowa ya san bashin da ke kansa.

A ganina wannan amanar ce ta bi mu har kasuwa. Da ita ake adashi, da ita fatake suka riƙa kai kaya Gwanja su dawo da goro a kan bashin baki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 Turawa auduga suke so, manoma suka ga gyaɗa ta fi biya suka rungume ta, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna ba yaransu kuɗi su shiga ƙauye saye, kaka ta yi buhuna su cika har aka yi dalar gyaɗa.

Yanzu maganin feshi da ƙwadago sun ci gayya, na yarda zamani ne. Amma abin da ke min ciwo, duk sanda aka ce za a raba taki ko bashin noma sai ka ga ƙungiyoyin manoma sun tsiro dare ɗaya, a mazaɓarmu har da waɗanda ba su taɓa riƙe garma ba, an gama rabo ƙungiya ta watse. Don Allah masu rabon nan su riƙa bi ta wajen sarkin noma da mai unguwa, su suka san waɗanda har yau suke haɗuwa su yi wa juna huɗa da girbi.

Naku,
Wani manomi daga ƙasar Daura