Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Katako da Iyali

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, na rubuto ne a kan abin da na gani cikin makonni ukun da na yi a gidanka a Kyoto, wanda nauyin surukata ya hana ni faɗa maka a gabanta.

Ban raina wannan sana'a ta mokuhanga, wato buga hoto da sassaƙaƙƙen katako irin na mutanen Japan, da ka sa a ranka ba. Na zauna na kalle ka kana shafa launi da ɗan ƙullun shinkafa a kan katakon da ka sassaƙa, ka daidaita takarda a kan tsagar nan ta gefe da kuke kira kento, sannan ka murza bayanta da ɗan faifan nan, baren, har hoto ya fito kamar da can yana ɓoye a cikinta. Abin ya burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne yadda kake dawowa daga ofis bayan isha'i, ka ci abinci a tsaitsaye, ka shige ɗaki har ƙarfe ɗayan dare.

Kai da bakinka ka gaya mini cewa a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, ba mutum ɗaya ke yin wannan aiki ba: akwai mai zane, akwai masassaƙi, akwai mai bugawa, sannan akwai ɗan kasuwar da ke ɗaukar nauyi ya sayar. Hokusai, wanda hoton igiyar ruwansa ke rataye a falonka, zane kawai ya yi, wasu suka sassaƙa suka buga, kuma a wajajen 1831 da hoton ya fito, shi ya kai shekara saba'in. Kai kuwa ka haɗa aikin mutum uku a kanka, ga ofis, ga yara ƙanana, kana kuma fushi da kanka don ba ka fitar da hoto kowane wata ba.

Na lura sassaƙa tana da haƙuri. Katako ba ya lalacewa don an ajiye shi, saboda haka rabin awa bayan asuba ta ishe ka, gobe ka ɗora daga inda ka tsaya. Bugu ne ba ya jira, domin takardar da aka jiƙa tun dare, idan ta bushe sai ta tsuke launuka su saɓa, idan kuma ta daɗe da danshi sai ta yi funfuna. Don haka ka riƙa shawara da mai ɗakinka a kan ranar bugu kafin ka jiƙa takarda, ba bayan ka jiƙa ba. Ranar Asabar ɗin nan da ka yi wa yara alkawarin zuwa bakin kogin Kamo, sannan ka ce ai takarda ta riga ta jiƙu, na ga amaryata tsaye a ƙofar ɗakinka da takalminta a hannu, ba ta ce komai ba.

Tunda kowane launi da nasa zagayen bugun, ka rage su zuwa huɗu ko biyar har yaran su tasa. Wuƙaƙen nan kuma ka samo musu akwati mai makulli, don na ga ƙaramin yana miƙa hannu. Babban kuwa ka ba shi tsohon baren da ragowar takarda ya zauna kusa da kai.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce hoton da ka aiko mata ya iso lafiya.

Mahaifinka