Wasiƙa daga Iowa kan maganar Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali, kuma jikin Inna ya yi sauƙi. Ni lafiya lau nake, sai sanyi, shi ma an saba.

Na turo dala 300 ranar Litinin, kuɗin makarantar Auta ne da maganin Inna. Kada a ba mutumin nan da ya ce zai fitar da shi waje buga ƙwallo ko sisi. Labari ya iso mini cewa Auta ya daina shiga aji, wai ni ma wasa ne ya kawo ni Amurka, kuma maganar ta hana ni barci.

Ka zaunar da shi ka karanta masa wannan. Dattijon da nake yi wa aiki, kocin kwalejinmu, zai yi ritaya a watan Maris bayan shekara talatin da ɗoriya. Daga Agusta zuwa Nuwamba yana horar da 'yan ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, bai gama hutawa ba kokawa ta kankama har Maris. Tasu ba ta kiɗa da kirari ba ce, a kan shimfiɗar roba ake yi, minti 7, rukunin nauyi 10 daga fam 125 zuwa 285, kuma don gwiwa ta taɓa ƙasa ba a yi kaye ba, sai an danne kafaɗu ko an fi maki. Kwalejinmu tana mataki na uku na NCAA, hukumar wasannin kwalejojin Amurka, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. Ko kwalejin Wartburg da ke garin Waverly a nan Iowa, wadda ta sha ɗaukar kofin ƙasa a kokawa, ƙa'idar ke nan.

Kunnuwan dattijon sun dunƙule saboda kokawa, motarsa ta tsufa, kuma da asuba shi da kansa yake tsayawa gaban sikeli yana auna yara. Duk Litinin yana duba makinsu na aji, na kuma ga ya ajiye gwaninsa a benci saboda ya faɗi jarrabawa. Hotunan tsofaffin ɗalibansa sun cika bangon ofishinsa, malamai ne da manoma da ma'aikatan jinya, ban ga wanda wasa yake ciyar da shi ba. Ni kaina riguna nake wankewa ina goge shimfiɗa, karatu ne ya ba ni biza.

Ranar da Baba ya rasu dattijon ne ya kai ni masallaci a Cedar Rapids, ya jira a mota har na fito. Kai ka ɗauki gawa, ni ina nan, wannan bai bar zuciyata ba har yau.

Ban sani ba ko sabon koci zai riƙe ni, amma kada ka faɗa wa Inna, Allah zai buɗa. Ka biya kuɗin makarantar da hannunka, kada ya bi ta hannun Auta, ka turo mini hoton rasit.

Ka gaishe da Inna da kowa da kowa.

Ƙanenka