A ceto fina-finan Sarauniya kafin kaset ɗin su lalace

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Kusan kullum idan na buɗe shafin fina-finai, labarin 'yan wasa nake tararwa, wane ya yi aure, wance ta sayi mota. Kamfanonin da suka raini waɗannan taurari kuwa, ba mai tunawa da su. Ni ina so in yi magana a kan guda ɗaya, wato Sarauniya Films na unguwar Gwangwazo a Kano.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da shagon hayar kaset a Funtuwa. Lokacin da na buɗe, fim ɗin Hausa na bidiyo yana rarrafe ne, domin sai a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, ɗaya daga cikin fina-finan farko na harkar. Fina-finan Indiya da na Chana ke ciyar da mu, na Hausa kuwa 'yar kanta ɗaya na ware musu a gefen ƙofa.

A 1999 Sarauniya suka fitar da Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, da Ali Nuhu da Fati Mohammed a ciki. Labarin ɗan sarki ne da zuciyarsa ta faɗa kan yarinyar da ke aikatau a gidansu. Wallahi Malam Edita, ban taɓa ganin kaset ya sha hannu kamar wannan ba. Kwafi shida na ajiye, amma sai da na buɗe littafi ina rubuta sunayen masu jiran layi. Matan aure su aiko yara tun da hantsi, in aka ce babu, yaron ya zauna a bakin shago har a dawo da shi. Zaren wani kwafi ya tsinke sau uku, ina liƙe shi da salatif ina sake bayarwa. Masu sayar da kaset ɗin waƙa a tasha kuwa ba abin da suke sakawa sai waƙoƙinsa, waɗanda aka kaɗa da fiyano ƙirar Yamaha. Daga nan rawa da waƙa suka zauna daram a fim ɗin Hausa. Na san akwai masu ganin nan aka fara kauce hanya, kuma suna da hujjarsu. Amma ko su ba za su musa cewa wannan fim ne ya nuna wa 'yan kasuwa akwai kuɗi a harkar ba. Bayansa Garwashi da Tawakkali suka biyo, duka daga gida ɗaya.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne yadda irin wannan kamfani yake rayuwa. Ba gwamnati a bayansa, ba banki. Furodusa ya haɗa kuɗinsa da na 'yan uwa ya yi fim, ya buga kwalin kaset, ya kai wa dillalai a Ƙofar Wambai. Su ne za su kwafa a kaset, su biya shi gwargwadon kwalin da ya fita. Mu na garuruwa mu hau mota mu je Kano mu saro, wasu su ɗauka har Maraɗi da Damagaram. Idan fim ya faɗi, asarar tana wuyan mai shi shi kaɗai. Da faifan CD ya zo, satar fasaha ta yi sauƙi, sannan masu tura fim a waya suka ƙarasa mu. Haka na rufe shago na koma sayar da hatsi.

Damuwata ita ce, kaset ba ya jure zafi da raɓa. Kwanakin baya na ciro kwali biyu cike da kaset daga ɗakin ajiya don in nuna wa jikokina, na tarar fiye da rabi sun yi funfuna. Abin da ake samu a YouTube kuma sau da yawa hoto dishi-dishi ne, an yanke sunayen ma'aikatan da ke ƙarshe, alhali sunayen nan su ne shaidar wanda ya ɗauki hoto da wanda ya tace.

Saboda haka ina kira ga Ali Nuhu, wanda tun 2024 yake shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Hukumar tana da ma'adanar fina-finai a Jos. Ya sa a nemi masu Sarauniya da sauran tsofaffin kamfanoni irin su Iyan-Tama, a karɓi uwar kaset ta kowane fim da yardarsu, a mayar da ita cikin kwamfuta, haƙƙin mallaka kuma ya zauna a hannunsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi shekaru yana rubuce-rubuce kan wannan tarihi, a nemi shawararsa. Kai ma Malam Edita, ka tura wakilinka Gwangwazo ya zauna da dattawan harkar tun suna raye.

Ni dai ina da kaset arba'in da bakwai da suka tsira, da kwalayensu na asali. Duk hukumar da ta shirya adana su, ta nemi ni ta hannun jaridar nan, zan kai su da kaina ba tare da na karɓi ko kwabo ba.

Naka,
Tsohon mai shagon hayar kaset,
Funtuwa, Jihar Katsina