Wasiƙa Zuwa Ga Ummi, Kan Waƙar Da Ta Turo Mini

Assalamu alaikum Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Nan gida kowa lafiya, sai kewarki. Waƙar da kika shirya don taron Ranar Mata ta 8 ga Maris ta iso wayata, na saurara. Murya kam ma sha Allah, Allah ya ba ki. Amma kin ce gaskiya kike so ba yabo ba, shi ya sa na zauna na rubuto, don na san in na kira ki a waya hirar kuɗin cefane za mu ɓige da ita.

Waƙarki kirari ce daga farko har ƙarshe: mace zakanya, mace ginshiƙin gida, mace uwar al'umma. Duk gaskiya ne, babu mai musu, kuma a nan matsalar take. Mutumin da ya danne gonar gadon ƙannensa mata shekara da shekaru zai ji ta ya gyaɗa kai, ƙila har ya yi miki liƙi, ya koma gida ya yi barcinsa, babu inda ta taɓa shi. Mu mata an daɗe ana yi mana kirari, Ummi. Abin da aka hana mu ne ba a cika ambata ba.

Ke ba ki riski amada a ganiyarta ba. Mu da muka tashi lokacin Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa da Uwaliya Mai Amada ta Kano, mun ga yadda waƙar mata take aiki. A tsakar gida ake yi ranar biki ko suna, maza suna can waje. A kife ƙwarya a baho mai ruwa, a jera wasu a gefe, masu kiɗa su zauna a tabarma, 'yan amshi a bayan uwar waƙa. Da an ɗauki kiɗa sai ki ga dattijuwar da ko dariyarta ba a ji a gidan miji ta ɗaure gyale a ƙugu ta shigo fili. Barmani ba ta tsaya gaya wa mata su taurari ne ba. Cewa ta yi su kama sana'a, kuma ta yi wa mai zaman jiran miji ya kawo na gishiri tsiya har sai ta ji kunya. Ana dariya, ana guɗa, amma maganar ta shiga. Na san matan da daga irin wannan zama suka koma suka ɗora kaskon ƙosai, wasu ƙuli-ƙuli, wasu ɗinkin hula, suka shiga adashi, da kuɗin suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, wasu har kuɗin makaranta. Barmani ta rasu tun 2013, amma har yau in aka kunna ta a gidan biki sai fili ya cika.

Ban ce ki kwafe ta duka ba. Zambon da take yi wa kishiya yana ba ni dariya har gobe, amma in kin lura mace ce ake sa wa ta ci naman 'yar'uwarta, shi kuwa maigidan da ya kasa adalci yana gefe ba a ambace shi ba. Wannan ki bar mata kayanta. Ki ɗauki ƙarfin halin kiran abu da sunansa, da iya sa mutum dariya yana jin zafi.

Abin faɗa kuma ba ya ƙarewa. Matar da aka saka da dare aka watso mata kaya waje, alhali ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta cikin idda. Bazawarar da ke riƙe da yara, uban ya yi sabon aure ko sabulu ba ya aikowa. Rabon gado da Suratun Nisa'i ta yanka wa mace, 'yan'uwa maza su ce "ai muna riƙe miki". Yarinyar da aka cire daga aji ana tsakiyar zango. Ki je Babbar Ruga a Katsina wata rana, inda ake yi wa masu yoyon fitsari aiki, ki zauna da su ki ji shekarunsu nawa aka aurar da su, kwana nawa suka yi suna naƙuda a gida. Ɗaya daga cikin waɗannan ta ishe ki waƙa guda. Kuma duk wanda ya ce miki aƙidar Turawa kika kwaso, amsarsa tana cikin Littafin da yake karantawa.

Ba ma yau aka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauye. Ta rubuta da Fillanci da Hausa da Larabci, ta naɗa jajis, wato mata jagorori masu yawon karantarwa, ta ɗora musu malfa, su haddace baitocin su kai wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, a garuruwansu. Ta san matan ba su da allo ba su da lokaci, amma abin da aka rera suna iya riƙe shi suna daka. Shi ya sa na damu da rabin waƙarki da kika yi da Turanci. Wa kike yi wa? In 'yan ajinku ne, to. In kuwa matar da ke surfe a ƙauyenmu ce, ba ki ba ta abin da za ta amsa ba. Ki dubi Oumou Sangaré ta Mali. Da harshen mutanenta ta fitar da kaset ɗinta na farko wajen 1989, ta yi magana kan auren dole da wahalar da uwarta ta sha bayan mijin ya bar ta da yara. Matan Bamako ne suka fara ɗaukar ta, sannan Faransa da Amurka suka biyo baya.

Baitin da kika ce "mun kai gaci" ma ki sake duba shi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a zamanin jam'iyyar NEPU saboda ta ce matan Arewa su yi zaɓe. Matan Kudu sun samu ƙuri'a tun shekarun 1950, mu sai a ƙarshen shekarun 1970. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar. A zaɓen 2023, cikin sanatoci 109 mata ba su cika biyar ba. Wane gaci?

Sai maganar da ta fi hana ni barci. Harkar waƙa tana da kuraye. Kada ki je situdiyo ke kaɗai, balle da dare. Ki tafi da ƙawa ko ki kira Yayanki. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, kuma kowace waƙa a rubuta cewa ke kika rubuta ta, don mawaƙa nawa suka tsufa ana cin kuɗin muryarsu su ba su da na magani. Duk furodusan da ya fara da yabon fuskarki kafin baitinki, ki tattara jakarki. In waƙar ta fita za a zage ki a Facebook da TikTok, har da mata 'yan'uwanki. Kada ki rama, kada kuma ki kwana kina karantawa. Jarrabawa tana gaba da komai. In ta zo, a ajiye waƙa.

Babanki bai ji ba tukuna. Ki bar mini shi, na san lokacin da ake kai masa magana, amma ba zan kai masa wannan ba sai kin gyara. Ki zaɓi mace ɗaya da matsala ɗaya, ki sa amshi gajere da Hausa, ki turo mini kafin hutu. Zan fara kunna wa su Goggo a wurin adashi in ga ko za su amsa.

Ƙannenki suna gaishe ki. Na ba direban da zai zo ranar Asabar yaji da dambun nama, ki raba da 'yan ɗakinku. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Mamanki