Tsawon ran mutanen Ayilan: a rage gishiri

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rahoton da ke cewa wai mutanen Ayilan sun gaji wata ƙwayar halitta ta garkuwar jiki mai sa su daɗe a duniya. Aikin jinya nake yi a ƙasar, tsofaffinsu kuwa kullum suna hannuna, don haka na kasa yin shiru.

Binciken dai akwai shi. Farfesa Maeve Rea da abokan aikinta na Jami'ar Queen's a Belfast sun daɗe suna auna jinin masu shekara 80 zuwa 90 da 'yan kai waɗanda ke zaune a gidajensu da ƙarfinsu, suna duba ƙwayoyin halittar da ke sarrafa sinadaran kumburi, irin wanda ake kira IL-6. An ga bambanci tsakaninsu da masu ƙarancin shekaru, amma bai taka kara ya karya ba, kuma da aka maimaita a wasu ƙasashen Turai sakamakon bai zo ɗaya ba.

Abin da rahoton ya tsallake shi ne gadon nan yana cizo. A unguwar da ƙwayoyin halittar garkuwar jiki da ake kira HLA suke, kan kuromozom na 6 (ɗaya daga zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), akwai ƙwayar HFE, wadda in ta samu tangarɗa jiki ke tara sinadarin ƙarfe har ya yi yawa. Kusan ɗaya cikin biyar na 'yan Ayilan na ɗauke da mai tangarɗar, ɗaya cikin 83 kuma ya gaje ta uwa da uba. Za ka ga dattijo ƙato, gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura, ya naɗe hannun riga a zuƙe masa jini kusan rabin lita duk mako har ƙarfen ya sauka. In an makara, hanta ce ke tafiya.

Sannan a 1926 matsakaicin ran ɗan Ayilan shekara 57 ne, yau ya haura 80. Jinin al'umma ba ya sauyawa a ƙarni guda. Tarin fuka ne aka ci ƙarfinsa, rigakafi ya wadatu, a 2004 kuma suka riga kowace ƙasa hana shan taba a wuraren aiki. Nazarin tagwaye a Danmak ma kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai kawai ya bai wa gado.

Don Allah in irin wannan labari ya sake zuwa, ku gaya mana mutum nawa aka gwada, da kuma ko an maimaita gwajin a wani wuri.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Ayilan