Makullin asusun gari ya zauna a hannun masu kwana a gari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mutanen karkara a kan ƙungiyoyin ci gaban gari, musamman waɗanda Allah ya ɗaga suka koma birni. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi shekara 35 da alli a hannu, yanzu kuma ni ne magatakardan ƙungiyar garinmu, wani ɗan gari a gefen layin dogo tsakanin Gombe da Bajoga. Ba zan kama sunansa ba, don a maganata akwai abin da zai sosa ran wasu, kuma duk dangin juna muke.

Da muna yara, garinmu gari ne. Layin dogon da ya taso daga Kuru ya ratsa Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, shi ya raya mu. Da kaka sai ka ga jakuna a jere a fuloti, malamin awo na kiran nauyi, ana ɗinke auduga za a kai injin gurza na Gombe. Mata kuwa da sun ji kukan jirgi sai su ruga tasha da fura da nono da dafaffiyar gyaɗa. Daga baya jirgi ya ɗauke ƙafa, auduga ta bi masaƙun Kaduna da Kano zuwa kabari, kasuwa ta koma garin da ke bakin kwalta. Da aka yanke mana jiha daga Bauchi a 1996 mun yi murna har da kilisa, amma abin da ya biyo baya shi ne duk mai 'yar takarda ya tattara ya koma Gombe. Samari kuma da an sa amfani a rumbu sai Abuja, Legas ko Fatakwal, wasu acaɓa, wasu yankan farce. A 2021 mun ji a rediyo an ƙaddamar da gyaran layin dogo daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Har yau awaki ne ke kwana a tasharmu.

Mun taɓa kafa ƙungiya, yau kusan shekara ashirin ke nan. 'Ya'yanmu na birni ne suka shirya ta, kuma da kyakkyawar niyya. An kafa rumfuna, an zo da babban baƙo da mai ƙaddamarwa, an buga kalanda da hotunan manya, maroƙi na ta shelar alkawura. Abin da ya shigo hannu bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka shelanta ba. Shi ma ɗin aka zuba shi a banki a birni, shugaba yana Abuja, ma'aji yana Kaduna. Famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ya lalace, gyaran da bai wuce kuɗin tunkiya ba, muka yi wata huɗu muna jiran mutum biyu su haɗu su sa hannu. Ban ce an ci kuɗi ba, Allah ya sani ban gani ba. Amma zaɓe na zuwa shugaba ya bi jam'iyya ɗaya, ma'aji ya bi wata, kowa ya kama gabansa, littafin lissafi kuwa har yau ba wanda ya san inda ya kwana.

Abin da ya sake tara mu ƙishirwa ce. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai rijiyar burtsatse da ke sayar mana da ruwa ya kashe janareto, ya ce ba ya fitar da kuɗin mai. Famfunan hannu biyu duk sun mutu. Mata da yara suka koma tonon yashi a rafi tun asuba, har ajinmu na shida a firamare ya zama ba kowa sai hantsi ya dubi ludayi. Dagaci ya kira taro a ƙofar gidansa. Ni na fara magana, na ce a sake kafa ƙungiya. Ban rufe baki ba wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, wadda duk gari ke kira Goggo, ta ɗaga murya daga bayan zana ta ce, "Malam, kai da ka iya rubutu, ina kuɗinmu na wancan karo? Ni naira ɗari biyar na ba da, lokacin tana sayen akuya ƙarama." Aka yi tsit. Wallahi ban da amsa. Sai ta ce in ana so ta sake ba da ko sisi, a ajiye kuɗin inda idonta zai gan su.

Daga wannan magana tsarinmu ya fito, ba daga wani kundi ba. Muka yanke cewa shugaba da ma'aji da magatakarda dole su zama masu kwana a gari, rani da damina. 'Yan birni su ba da shawara, su ba da gudummawa, amma ba su riƙe makulli. Wasu sun ji haushi, har wani ƙanena ya ce mun mayar da su saniyar tatsa. Na ce masa a'a, mai ɗaki ne ya san inda yake masa yoyo, kuma matarka ba ta tonon yashi. Maƙeri ya ƙera mana akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makulli ɗaya na hannun Goggo, ɗaya wurin shugaban samari, ɗaya wurin wakilin Arɗo, don Fulanin rugage ma ruwan nan suke sha, kuma an daɗe ana yanke shawara ba da su ba. Kowane magidanci na ba da naira 200 ranar kasuwa, wanda ba shi da kuɗi ya ba da tiya biyu na hatsi da kaka. Jumma'ar farko ta kowane wata, bayan an idar da salla, nakan miƙe in karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ƙusa. Sannan a lika takardar a bangon zauren dagaci, ɗaya da boko ɗaya da ajami. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa muna karɓa, mu karanta ta cikin jeri ɗaya da tiyar gero ta gwauruwa, amma ba ya hawa kan tabarmarmu ya yi jawabi.

Aikin farko famfo ne. Mun ɗauko makanike daga Bajoga, ya zaro bututu da sanduna ya shimfiɗa a ƙasa, ashe robar can ƙasa ce ta cinye, sai sanda ɗaya da ta tsinke. Muka sa samari biyu suka tsaya a kansa har ya gama, yanzu su ke gyarawa, muna ba su ɗan abin goro. Ranar da ruwa ya fito, kafin magariba mutum goma sha ɗaya da suka ƙi ba da kuɗi a farko suka kawo nasu ba wanda ya aika musu.

Sai kwarin da ke cin maƙabarta. Duk wanda ya san ƙasar Gombe ya san zaizaya, ƙasar yashi ce, ruwa ɗaya sai ya tafi da rabin gona. Mun farfaɗo da gayya, kowace unguwa da Asabar ɗinta, aka jera buhunan yashi, aka dasa jema a gefe don saiwarta na riƙe ƙasa, muka samo dashen darbejiya daga shirin dashen itatuwa na jiha. Awaki sun cinye fiye da rabi, don mun yi rowar kuɗin shinge. Bana da ƙaya muka kewaye kowane dashe.

Inda muka sha kashi shi ne hatsi, kuma shi na fi so masu karatu su ji. Tsohon sito na fulotin auduga na nan, rufi ya yaye. Muka gyara shi da nufin mu sayi masara da kaka mu ajiye, in damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbu ya ƙare, mu sayar wa 'yan gari da sauƙi mu kuma ɗan samu riba. Da kakar 2024 masara na da tsada, amma kowa na cewa za ta ƙara, don haka muka zuba kusan duk abin da ke akwati. Ashe tun watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haraji a kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake, a 2025 farashi ya yi ta gangarawa. Muka sayar ƙasa da yadda muka saya. Daren Jumma'ar da zan karanta lissafin ban runtsa ba. Na miƙe na faɗi asarar dalla-dalla, murya na rawa, ina jiran a ce mun ci. Wani manomi ya ce shi ma haka ta same shi da nasa buhu ashirin, wa zai kai ƙara? Aka yi dariya, aka wuce. Ba wanda ya fita daga ƙungiya, don kowa ya ga ranar da aka sayi masarar, ya ga ranar da aka sayar, ya kuma san farashin kasuwa da kansa. Da a banki a birni aka yi wannan asara, da ƙungiyar ta mutu ranar.

Yanzu mun daina caca da farashi. Sito ya koma wurin rance, mai buƙata ya ari buhu da damina ya mayar da kaka. Mun so a riƙa ɗora tiya biyu a kai, Liman ya ce wannan riba ce, haramun, a mayar da awo daidai da awo. Sai muka ware kuɗin ajiya daban ga masu kawo nasu amfanin, shi ke biyan mai gadi da buhunan nan masu leda biyu a ciki, waɗanda ke kashe ƙwarin wake ba tare da an barbaɗa magani ba.

Game da rajista, shawarata kada a fara da ita. Mu sai da muka shekara biyu muna aiki kafin muka nemi takardar ƙaramar hukuma. Rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuwa tana da ɗawainiya, sai da kundin tsarin mulki na ƙungiya, da buga sanarwa a jarida, da jiran kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. A nan ne 'yan birni suka yi rana, wani lauya ɗan garinmu ke bin mana ita kyauta. Muna buƙatarta, don kuɗi sun fara fin ƙarfin akwati, kuma shirye-shirye irin na CSDP, shirin raya al'umma da Bankin Duniya ya tallafa, sun saba neman al'umma ta zo a tsare, da asusunta da nata kason na kuɗin aiki. Ko an buɗe asusun banki, mutum ukun nan masu makulli su za su sa hannu. Goggo ta riga ta je ta yi BVN, ta dawo tana mitar kuɗin mota.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi kuma, tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ku kuɗinku kai tsaye. Ko sun iso ko ba su iso ba, ku kuka sani. Mu dai ba mota muke roƙo ba. Kwalbati ɗaya muke so a kan rafin da ke raba mu da kwalta, don da damina direbobi ba sa shigowa, dole mu kai riɗi da wake bakin hanya a kan babur, dillali ya saya yadda ya ga dama. Yashi da dutse da leburanci duk mun ɗauka, siminti da rodi ne suka gagare mu, ga kuwa Ashaka nan kusa da mu, muna ganin tirelolin siminti na wucewa.

'Yan uwana na birni, in kun zo Salla bana kada ku zo mana da kalanda. Ku shiga zauren dagaci ku karanta takardar da ke bango, sannan ku zo sito, akwai kwano goma sha biyu da iskar bazara ta ɗaye, muna so a rufe kafin ruwan fari.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga Gombe ta Arewa.