Wasiƙa ga Aminina: Yadda "Wai" Ta Cinye Mana Darasi Guda

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso tun makonni uku da suka wuce, na ajiye shi da niyyar amsawa da daddare, sai makin jarrabawa ya danne ni. Ka yi haƙuri. Ka tambayi yadda nake fama da darasin nan na koya wa ɗalibai gane son rai da dabarun jan ra'ayi a labaran siyasa, tunda kai ma za ka fara shi zango mai zuwa. To ga abin da idona ya gane mini.

Ranar farko na cika allo da ma'anar farfaganda. Suka kwafa, suka yi hamma, aka tashi. Washegari sai na rubuta jimla biyu kawai: "Ministan ya ce an kammala aikin", a ƙarƙashinta kuma "Ministan ya ce wai an kammala aikin". Na ce su faɗa mini bambancin. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, na biyun ai ƙaryata shi ya yi, sai dai bai yarda a kama shi ba." Wallahi da ni zan yi bayanin, ba zan kai ta iyawa ba. Harafi uku kacal, amma minti arba'in ɗinmu a kansu ya ƙare.

Daga nan suka shiga farauta da kansu. Suka gano cewa "ya ce" daban, "ya yi iƙirari" daban, shi kuwa "ya amsa cewa" tuni ya ɗora wa mutum laifi tun kafin a ji me ya faɗa. Suka gano "har mutum dubu biyar suka halarci gangamin" da "mutum dubu biyar kacal" adadi ɗaya ne, amma ɗaya kirari, ɗaya habaici. Wanda ya fi tsaya musu shi ne inda ake ɓoye mai aikata abu: "'yan sanda sun harbe mutum uku", "an harbe mutum uku", "mutum uku sun rasa rayukansu". Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma a ta uku har bindigar ta ɓace. Haka sunan da ake laƙaba wa mutane: masu zanga-zanga ne ko ɓata-gari, 'yan tawaye ne ko masu fafutuka. Sai kuma kanun labarai irin na "ya caccaki wane", "ya yi masa wankin babban bargo", ka buɗe ka tarar mutumin cewa kawai ya yi bai yarda da lissafin kasafin kuɗi ba.

Wani yaro ya ce duk wannan wasa da kalmomi ne, ba ya canza komai. Sai na ba su labarin gwajin da Elizabeth Loftus da John Palmer suka yi a Amurka a 1974. Sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi, kalma ɗaya kawai suke sauyawa a tambayar. Waɗanda aka ce wa motocin sun ragargaji juna suka ƙiyasta kusan mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa sun taɓa juna suka ce kusan mil 32. A zagaye na biyu, bayan mako guda, an tambayi mutane ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da aka yi wa tambayar da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani, alhali babu gilashin a fim ɗin. Yaron ya yi shiru. Kalma ta sa ido ya ga abin da babu.

Har nan komai lafiya, ina ta jin daɗin kaina. Sai a mako na uku na lura da wani abu. Sun ƙware wajen kama son rai, amma a jaridar da ba sa so kaɗai. Kowa ya zo da labarin ɓangaren da yake ƙi, ya yi masa filla-filla. Idan na miƙa masa na ɓangarensa, sai ya karanta ya ce, "Malam, wannan ai gaskiya ce zalla." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma kada ka yi mini dariya: ranar da nake musu faɗa a kan haka, wani daga kujerar baya ya ce misalan da nake kawowa ma duk gefe guda suke suka. Na koma gida na duba takarduna. Gaskiyarsa. Ban yi da gangan ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ashe ciwon tsoho ne. A wani bincike da aka wallafa a 1985, masu bincike uku a jami'ar Stanford ta Amurka, Vallone da Ross da Lepper, sun nuna wa ɗalibai rahotannin talabijin kan kisan da aka yi a sansanonin 'yan gudun hijirar Falasɗinawa na Sabra da Shatila a Beirut a 1982. Masu goyon bayan Isra'ila suka ce rahotannin sun karkata ga Larabawa, masu goyon bayan Larabawa suka ce sun karkata ga Isra'ila, alhali abu ɗaya suka kalla. Waɗanda suka fi sanin batun ma su suka fi ganin an zalunci ɓangarensu. Tun daga nan na kafa doka: kowa zai fara feɗe labarin da ya yi masa daɗi kafin ya taɓa na abokin hamayya. Ni ma sai na kawo misali bibbiyu, kuma ba na faɗa musu inda nawa ra'ayin ya dosa.

Akwai kuma son ran da ba ya cikin kalma, yana cikin abin da aka zaɓa a sa a gaba da abin da aka yi shiru a kai. Masu bincike McCombs da Shaw sun nuna haka a garin Chapel Hill lokacin zaɓen shugaban Amurka na 1968: batutuwan da masu zaɓe suka ce sun fi muhimmanci su ne dai waɗanda kafafen labarai suka fi yayatawa. Wannan sai ka jera shafin farko na jaridu uku na rana ɗaya, yaran za su gani da kansu.

Ramin da nake so ka kiyaya shi ne na gaba. Da zarar idonsu ya buɗe, wasu sai su zarce su ce duk 'yan jarida maƙaryata ne, kowa da ubangidansa. Wannan ba wayo ba ne, lalaci ne, domin wanda ya ce duk ƙarya ne ya huta da bincike, daga nan kuma duk jita-jitar da ta shigo wayarsa daidai take da rahoton da aka sha wahalar tantancewa. Maganin da na samu shi ne na sa su zama 'yan jarida na rana ɗaya. Na nuna musu gajeren bidiyon wata hatsaniya a zauren majalisa, na ce kowa ya rubuta rahoto cikin jimla biyar ba tare da ɗaukar gefe ba. Da suka yi musayar takardu, babu wanda ya tsira. Wannan ya fara da wanda ya yi ihu, wancan ya fara da wanda ya tsokane shi. Nan suka gane karkata daban, ƙarya daban, kuma wanda ya kawo sunan majiyarsa ya ji ta bakin kowane ɓangare bai zama ɗaya da mai fakewa da "majiya mai tushe" ba.

Abu na ƙarshe da nake koya musu na aro shi ne daga binciken Sam Wineburg da Sarah McGrew, su ma a Stanford: ƙwararrun masu tantance labari ba sa daɗewa a shafin da ba su sani ba, fita suke yi su buɗe wasu shafukan su ga wa ke da shi, wa ke ba shi kuɗi, me wasu suka ce a kansa. Yarana har yanzu suna jin ƙyuyar wannan, sun fi son su ƙura wa shafin ido su ce "ya yi kama da na gaskiya".

Idan ka fara naka, ka gwada musu jimlar "wai" ɗin nan ka ba ni labarin abin da suka ce. Ina kuma neman shawararka kan yadda zan ba da maki, don na rasa yadda zan auna yaron da ya kama dabara goma da wanda ya kama ɗaya tak amma a ɓangarensa. Ka gaida mini mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Amininka